Yadda ake gwada na'urorin da ke cikin harsashin igwa kafin a kai shi fagen daga

A yaƙe-yaƙen shekarun baya-bayan nan, kama daga na Iraƙi zuwa na Yukren, an sha jin labarin harsasan igwa masu "ƙwaƙwalwa", wato waɗanda ke gyara hanyarsu a sararin sama har su faɗa kan abin da aka auna daga nisan kilomita 30 ko 40.

Abin da ba a cika bayani a kansa ba shi ne inda wahalar ƙera su take. Injiniyoyi sun daɗe da sanin yadda ake haɗa na'urar da za ta ja ragamar makami a sama. Babban aikin shi ne a tabbatar cewa na'urar da batirinta sun fito daga bakin igwa lafiya lau, domin bugun da suke sha a lokacin harbi ya isa ya mayar da wayar salula gari.

Shekaru sama da 80 ke nan ana fama da wannan matsala, kuma har yau babu wata hujja da ta kai a harba na'urar, a ɗauko ta, a buɗe a ga abin da ya same ta.

Abin da ke faruwa a cikin bututun igwa

Igwar da ta fi yawa a rundunonin ƙungiyar tsaro ta NATO ita ce mai faɗin baki milimita 155. Harsashinta yana da nauyin kilo 43 zuwa 47, wato kusan buhun siminti guda, tsawon bututunta kuwa kimanin mita 6 ne.

Da zarar albarushi ya kama wuta, harsashin da ke kwance yakan tashi ya kai gudun mita 800 a daƙiƙa guda, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Duk wannan yana faruwa ne cikin kimanin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Duk wanda ya taɓa shiga motar da direba ya fizga da ƙarfi ya san yadda jiki ke mannewa da kujera. Irin wannan dannawa ce ke samun kayan cikin harsashi, sai dai tana iya kaiwa ninki dubu 15 na nauyinsu. Ma'ana, abin da nauyinsa giram ɗaya ne zai danne mazauninsa tamkar kilo 15. Wayar salula mai giram 200 kuwa za ta yi nauyin tan 3, kwatankwacin buhun siminti 60.

Idan ana son kwatance, matuƙin jirgin saman yaƙi da ya samu horo, sanye da tufafi na musamman, abin da yake iya jurewa bai wuce ninki 9 na nauyin jikinsa ba.

Bayan dannawa akwai juyi. A cikin bututun igwa an sassaƙa wasu murɗaɗɗun layuka da ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar mazari domin ya tafi a miƙe. Juyin yakan wuce sau 250 a daƙiƙa, kuma yana wurga duk abin da ke ciki zuwa jikin bango. Haka nan harsashin yana dukan gefen bututun hagu da dama yayin da yake wucewa.

Sai kuma lokacin fita. Da zarar harsashi ya bar bakin igwa, matsin da ke bayansa yakan ɓace farat ɗaya, kayan da aka danne su yi tsalle su dawo, kamar yadda roba ke yi idan aka ja ta aka saki. Injiniyoyi sun gano cewa na'urori da dama da suka jure dannawar farko a wannan gaɓa suke tsinkewa, saboda an ƙarfafa su ne ta fuska ɗaya kawai.

Tarihin da ya faro a Yaƙin Duniya na Biyu

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, sai an harba dubban harsasai kafin a kakkaɓo jirgin sama guda. Dalili kuwa shi ne sai dai harsashi ya daki jirgin kai-tsaye, ko kuma a saita agogon da ke kansa ya fashe a daidai lokacin da ake hasashen jirgin zai iso, abin da ba kasafai ake dacewa ba.

Masana kimiyya na Birtaniya, ciki har da William Butement, sun yi tunanin sanya wata 'yar na'urar rediyo a kan harsashi, wadda za ta riƙa aika sigina, idan siginar ta daki jirgi ta dawo sai harsashin ya fashe a kusa da shi. A watan Satumban 1940 wata tawaga ƙarƙashin Henry Tizard ta kai wa Amurka bayanan wannan bincike.

A lokacin tuni Amurka ta kafa wani sashe na sirri ƙarƙashin masanin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa, Merle Tuve, a cibiyar Carnegie da ke birnin Washington. A watan Maris na 1942 aikin ya koma hannun Jami'ar Johns Hopkins, aka ba shi mazauni a wani tsohon garejin motoci a garin Silver Spring na jihar Maryland.

A wancan zamani ba a ƙirƙiro taransista ba. Zuciyar kowace rediyo wasu kwalabe ne na gilashi masu kama da ƙwan fitila, da siririyar waya a ciki wadda ko faɗuwa daga kan tebur na iya tsinka ta. Masana da dama na ganin hauka ne a ce za a harba irin wannan abu daga igwa ya ci gaba da aiki, musamman ganin cewa a igwar jiragen ruwa mai faɗin baki inci 5 dannawar tana kaiwa ninki dubu 20.

Tawagar Tuve ta faro ne da gwaje-gwaje masu sauƙi. Suna ɗaure kwalba a jikin curin dalma su harbi curin da bindiga, ko su jefo ta daga saman bene kan ƙarfe, ko su wujijjiga ta a inji. Nan suka fahimci wani abu da ya zama ginshiƙin wannan fanni har yau: gwargwadon ƙanƙantar abu, gwargwadon juriyarsa. Tururuwa kan faɗo daga kan rufi ta ci gaba da tafiyarta, amma akuya ba za ta kwashe lafiya ba.

Saboda haka suka koma ga ƙananan kwalaben da ake sanyawa a na'urar taimaka wa masu matsalar ji. Suka sake musu fasali, suka ƙarfafa wayoyin ciki, sannan suka zuba kaki ya cike duk wani gurbi domin kada komai ya motsa. Ɗaya daga cikin matasan da suka yi wannan aiki shi ne James Van Allen, wanda daga baya, a 1958, ya yi suna da gano zoben tururin makamashi da ke kewaye da duniya.

A harba sama, a tono a ƙasa

Gwajin gaskiya dai shi ne na igwa. Dabarar da suka yi ita ce su miƙe bakin igwa tsaye su harba harsashi sama, a wasu filaye da ke jihohin Virginia da Maryland. Saboda juyin da yake yi, harsashin yakan dawo ne da gindinsa, ya nutse cikin ƙasa mai laushi. Daga nan ma'aikata su bi sawu su tono shi, a kai ɗakin bincike a yanka, a duba abin da ya karye, a gyara, a sake harbawa.

A ƙarshen watan Janairun 1942, a filin gwajin sojin ruwa da ke Dahlgren a jihar Virginia, kashi 52 cikin 100 na na'urorin da aka harba sun yi aiki. Rundunar sojin ruwan ta riga ta ce idan aka kai rabi za ta amince a fara ƙerawa da yawa, don haka aka ba kamfanin Crosley kwangila.

A watan Agustan shekarar, jirgin ruwan yaƙi mai suna Cleveland ya gwada harsasan a mashigin ruwan Chesapeake. An shirya kwana biyu ana gwaji, amma tun a ranar farko aka kakkaɓo dukkan jirage uku marasa matuƙa da aka tanada. Ranar 5 ga Janairun 1943 kuma jirgin ruwa mai suna Helena ya harbo wani jirgin saman Japan kusa da tsibirin Guadalcanal, karo na farko ke nan da aka yi amfani da na'urar a fagen daga.

Da farko a kan teku kaɗai aka yarda a harba irin waɗannan harsasai, domin duk wanda ya ƙi fashewa ya nutse a ruwa, kada abokan gaba su tsince shi su gano sirrin. Sai a 1944 aka yi amfani da su a Ingila wajen kakkaɓo makaman Jamus masu linzami samfurin V-1, sannan a watan Disambar shekarar aka harba su kan sojojin ƙasa na Jamus a dajin Ardennes.

Kafin ƙarshen yaƙin an ƙera sama da miliyan 22, kuma farashin kowace guda ya sauko daga dala 732 a 1942 zuwa dala 18 a 1945.

Batir: shekaru yana barci, daƙiƙa guda ya farka

Ko da kwalaben suka jure, sai wata matsalar ta ɓullo daga inda ba a zata ba. Na'urorin farko suna amfani ne da busasshen batir irin na tocila. A cikin zafi da laimar tsibiran tekun Pasifik, batiran sukan mutu a rumbun ajiya cikin 'yan watanni. Van Allen, wanda a lokacin ya zama hafsan sojin ruwa, yana cikin waɗanda aka tura yankin, kuma sauya matattun batira na daga cikin ayyukan da ya yi fama da su.

Maganin da aka samo, tare da kamfanin National Carbon, shi ne batirin da ba ya fara aiki sai an harba shi. Akan zuba ruwan batirin a cikin wata 'yar kwalbar gilashi mai kama da ta ruwan allura, a ajiye ta a tsakiyar busassun faranta. Bugun harbi ne ke fasa kwalbar, juyin harsashi kuma ya watsa ruwan tsakanin faranta, nan take wuta ta kawo. Ta haka ƙarfin da ake tsoro ya zama shi ne makunnin batirin.

Amma fa wannan ya haifar da sabon gwaji. Dole kwalbar ta ƙi fashewa idan akwatin harsasai ya suɓuce daga mota, kuma dole ta fashe ko da ƙaramin albarushi aka yi harbin. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake auna kaurin gilashin.

Har yau ana amfani da wannan dabara, sai dai da sinadarai irin su lithium. Akwai kuma wani nau'in da ake kira batirin zafi, wanda asalinsa ke komawa ga binciken wani Bajamushe, Georg Otto Erb, a lokacin yaƙin. A cikinsa daskararren gishiri ne a madadin ruwa, kuma muddin yana daskare ba ya ba da wuta. Idan aka harba, wani sinadari yakan kama da wuta ya narkar da gishirin a zafin da ya wuce digiri 400, batirin ya fara aiki cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Irin wannan batir yana iya shekara 20 a ajiye.

Wasu harsasan kuma, musamman na turmi, ba su da batir sam. Iskar da ke shiga ta hancinsu ce ke juya wani ɗan ƙaramin janareta.

Babban ƙalubalen gwada waɗannan batira shi ne sau ɗaya tak suke aiki. Wanda aka gwada ya tashi daga aiki, wanda aka kai wa soja kuma ba a taɓa kunna shi ba. Don haka akan zaɓi wasu ne daga kowane rukunin da masana'anta ta fitar, a gasa su, a daskarar da su, a girgiza su, a harba su, sannan a yanke hukunci kan sauran. Ƙa'idar sojin Amurka ta tanadi gwajin ajiya daga sanyin digiri 54 ƙasa da sifiri zuwa zafin digiri 71 a ma'aunin Salshiyas.

Kayan gwaji na zamani

A yau ƙananan na'urorin kwamfuta sun maye gurbin kwalaben gilashi, amma wuraren rauni ba su ƙare ba. Likin dalma yana tsagewa, wayoyin da ba su kai kaurin gashi ba suna tsinkewa, ɗan dutsen da ke ƙidaya lokaci yana fashewa. Na'urar da ke gaya wa harsashi inda ya karkata kuma tana iya fitowa ba tare da karaya ba, amma ma'auninta ya gurɓace, ta riƙa ba da bayanin ƙarya. Har yanzu ana cike gurabe da wani danƙo mai daskarewa, jikan kakin da aka yi amfani da shi a 1941.

Gwaji yakan faro ne a kwamfuta, inda ake lissafa yadda kowane sashe zai lanƙwashe. Daga nan a koma injin wujijjigawa, da teburin da ake sako shi daga sama ya daki ƙasa, da kuma bindigar iska. Kowannensu yana da gibi. Injin wujijjigawa yana kai nauyin da ake so amma a hankali yake hawa, teburi da bindigar iska kuwa suna ba da bugu mai kaifi amma ba ya daɗewa kamar na igwa.

Idan aka zo harbi na gaske, tsohuwar tambaya takan dawo: idan aka tono harsashi aka tarar na'ura ta karye, a wurin tashi ta karye ko a wurin sauka? Domin kauce wa wannan ruɗani, wasu harsasan gwaji suna ɗauke da laimar sauka wadda ke buɗewa a sama. A cibiyar binciken makamai ta Picatinny da ke jihar New Jersey kuma akwai wata igwa da aka jona bakinta da dogon bututu, inda matsattsiyar iska da ruwa ke rage wa harsashi gudu sannu a hankali har ya tsaya ba tare da ya daki komai ba. Akan kuma sanya wa harsashin na'urar naɗar bayanai, kwatankwacin baƙin akwatin jirgin sama, wadda ita ma sai ta ci nata gwajin tukuna.

Mataki na ƙarshe shi ne filin harbi, irin na Yuma da ke hamadar jihar Arizona. A nan ne ma, a watan Nuwamban 1966, wani shirin haɗin gwiwa na Amurka da Kanada mai binciken sararin sama, ƙarƙashin injiniya Gerald Bull, ya harba wani harsashi da ya kai nisan kilomita 180 a sama, bajintar da har yau babu igwar da ta zarta.

Tsada da iyakar gwaji

Wannan doguwar hanya ce ta sa ƙasashe ƙalilan ne ke ƙera irin waɗannan harsasai. A shekarun 1980 Amurka ta fito da Copperhead, Tarayyar Sobiyat kuma ta fito da Krasnopol, dukkansu masu bin hasken leza. Excalibur, wanda kamfanin Raytheon na Amurka da Bofors na Suwidin suka haɗa hannu wajen ƙerawa, kuma yake bin siginar tauraron ɗan'adam ta GPS, an fara harba shi ne a Iraƙi a 2007.

Kuɗin da ake kashewa a bincike da gwaji kan harsasan ake raba shi. A 2016 rundunar sojin ruwan Amurka ta soke sayen harsashin da aka ƙera wa jiragenta samfurin Zumwalt, bayan da aka rage yawan jiragen daga 32 zuwa 3, lamarin da ya sa kowane harsashi guda ya tasam ma dala dubu 800.

Sannan cin gwajin igwa ba ya nufin an gama. A 2024 jaridun Amurka sun ruwaito cewa tasirin Excalibur a Yukren ya ragu matuƙa, bayan da sojojin Rasha suka ƙware wajen rikita siginar GPS. Na'urar tana fita daga igwa lafiya, amma ta rasa mai nuna mata hanya.

Abin da ya shafi farar hula

Lamarin bai tsaya ga sojoji kaɗai ba. Ƙa'idojin Amurka da na NATO sun tanadi cewa kada harsashi ya zama a shirye ya fashe sai ya ji alamomi biyu daban-daban na harbi, galibi dannawa da juyi. Wannan ne ke kare masu dako da masu gadin rumbu da mazauna kusa da bariki. Idan kuwa na'urar ta mutu a cikin bututu, harsashin yana iya kauce wa inda aka auna, ko ya faɗi bai fashe ba, ya zauna a gona yana jiran garma ko hannun yaro.

Abin da ya faru a kudancin Lebanon a 2006 ya nuna tazarar da kan kasance tsakanin filin gwaji da fagen yaƙi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙananan bama-bamai da yawansu zai iya kaiwa miliyan ɗaya, daga cikin bama-bamai masu 'ya'ya da Isra'ila ta harba, ba su fashe ba. Akwai samfurin M85, wanda aka yi wa dabarar tarwatsa kansa, kuma gwaje-gwaje suka nuna kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai ke ƙin tashi. Wani binciken masana na ƙasar Norway da aka wallafa a 2007 ya gano cewa a Lebanon adadin ya kai kusan kashi 10. Dabarar da ke cikin M85 ba ta lantarki ba ce, amma darasin ɗaya ne: ƙasa mai tauri da sabbin harsasai na filin gwaji daban suke da gonar zaitun da kayan da suka daɗe a rumbu.

A 2008 aka cimma yarjejeniyar haramta bama-bamai masu 'ya'ya, wadda Nijar ta tabbatar da ita a 2009, Najeriya kuma a 2023, yayin da Amurka da Rasha da Sin da Isra'ila ba su shiga ba. Yarjejeniyar ta keɓe wasu makamai daga haramcin bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa kowane ɗan bam ya kasance yana da na'urar lantarki ta tarwatsa kansa, da kuma wata ta kashe kansa idan ta farkon ta gaza, misali ta hanyar ƙarewar batir. Harsasan igwa samfurin SMArt na Jamus da BONUS na Suwidin da Faransa suna cikin wannan rukuni.

Ke nan dokar ƙasa da ƙasa kanta ta jingina amincin farar hula a kan cewa wani ɗan batir zai farka a lokacin da ya kamata, ya kuma mutu a lokacin da ya kamata, bayan ya sha bugun da ya ninka nauyinsa sau dubbai. Sakamakon gwaje-gwajen da ke tabbatar da hakan kuwa, galibinsa yana hannun rundunonin soji ne da kamfanonin da ke sayar musu da makaman.